Tambayoyin Sirri: Wa Ya San Amsar Ban Da Kai?

Duk wanda ya taɓa buɗe asusu a intanet, na banki ko na albashi, ya san tambayoyin da ake ajiyewa domin ranar da ya manta kalmar sirrinsa: sunan mahaifiya, garin haihuwa, makarantar farko. Muna ganin lokaci ya yi da jami'an da ke kula da irin waɗannan shafuka za su sake duba su.

A shekarar 2008 wani ɗalibi ya kutsa cikin akwatin Yahoo na Sarah Palin, 'yar takarar mataimakin shugaban Amurka, bayan ya tsinto ranar haihuwarta da inda ta haɗu da mijinta a intanet. A 2017 hukumar NIST ta ƙasar ta ba da shawarar a daina dogaro da irin waɗannan tambayoyi.

A karkararmu lamarin ya fi haka tsanani. Sunan mahaifiya, ko ɗanta na jin nauyin ambatarsa, duk tsofaffin unguwa sun san shi. Ranar haihuwa kuwa, da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu. Sau tari ma mai shagon kwamfuta ne ke cike amsar, ya ajiye a littafinsa.

Saboda haka, inda tsarin ya ba jami'i damar rubuta tasa tambayar, ya guji abin da dangi ko maƙwabci ya sani, ya kuma haɗa da lambar da ake turowa ta waya. Shi ma mai asusu ba tilas ba ne ya ba da amsar gaskiya. Ya zaɓi wadda zai tuna, ya shigar da hannunsa.