Sharhi: Asarar Masu Ƙyanƙyasa Takan Faro Tun Daga Akurki

Duk lokacin da mai injin ƙyanƙyasa ya buɗe injinsa bayan kwana 21 ya tarar rabin ƙwan ya zama baragurbi, wutar lantarki yake fara ɗora wa laifi. Babu mai musun cewa ɗaukewar wuta tana kashe ƙwai, domin wajibi ne zafin inji ya tsaya a kimanin digiri 37.5 na ma'aunin Salshiyas dare da rana. To amma a ganinmu, kaso mai tsoka na wannan asara tun a akurki ake tafka shi, kuma sanadinsa rashin lissafin kwanaki.

Kaza takan ɗauki sa'a 25 zuwa 26 kafin ta haɗa ƙwai guda, kuma maniyyin zakara ba ya iya shiga gwaiduwa sai a cikin 'yan mintocin farko na wannan tafiya, kafin farin ƙwai da ɓawo su lulluɓe ta. Saboda haka ƙwan da kaza ta saka washegarin ranar da zakara ya fara taka ta, galibi babu ɗa a cikinsa. Sai daga rana ta biyu ake sa rai. A garke kuwa, zakara ba ya kewaye kajinsa a yini guda, ko da an bi ƙa'idar zakara ɗaya ga kaji 10. Mai kiwon da ya san abin da yake yi yakan jira mako guda kafin ya fara tara ƙwan ƙyanƙyasa, na kwanakin farko ya kai wa masu shayi.

Haka kuma, akwai wasu ƙananan ma'ajiyai a jikin kaza inda maniyyi yake zama da ransa. Ko an ɗauke zakara, ƙwanta zai ci gaba da ɗaukar ɗa sosai har kwana 7 zuwa 10, sannan abin ya riƙa raguwa, wani lokaci har zuwa mako 3. Wannan yana da riba, yana kuma da tarko. Wanda ya sayar da zakaransa bai rasa ƙwan wannan makon ba. Amma wanda ya sayo sabon zakara mai tsada don gyara iri, ya kuma fara sayar da 'yan tsaki da sunansa tun makon farko, to wasunsu 'ya'yan tsohon zakara ne, ya cuci mai saye ko da bai yi niyya ba. Kamata ya yi a raba kajin da tsohon zakara mako 3 tukuna.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ajiya. Ƙwan ƙyanƙyasa bai kamata ya wuce kwana 7 kafin ya shiga inji ba, kuma a wuri mai sanyin digiri 15 zuwa 18 ake so a ajiye shi, tsininsa yana kallon ƙasa. Ina mai kiwo zai sami wannan sanyi a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi yake haura digiri 40? A irin wannan yanayi ɗan tayi yakan soma girma a kan kiret, ya mutu tun kafin a kai shi inji, ga shi kuma zafin yana rage ƙarfin zakaru su kansu. A bazara ke nan sai a riƙa kwashe ƙwai sau da yawa a yini, a taƙaita ajiya zuwa kwana 3 ko 4 a ɗaki mafi sanyi.

Har yanzu 'yan tsaki da yawa da ake kiwo a Arewa daga Ibadan da kewayenta ake ɗauko su a mota, alhali ga kajin Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar. Kasuwar tana nan ga ƙananan masu ƙyanƙyasa, amma ba za su ci ta ba muddin suna sayen ƙwan da ba a san ranar saka shi ba. A misali, injin da ke cin ƙwai 1,000, in 300 fanko ne, an ƙona man janareta na mako 3 a kan gurbin da ba zai kawo ko kwabo ba.

Shawararmu ita ce ƙungiyoyin masu kiwon kaji su mai da rubuta kwanan wata da fensir a jikin kowane ƙwai ya zama sharaɗin ciniki, farashi kuma ya bi shekarun garke da kwanakin ƙwan. Sannan a haska ƙwai da tocila tsakanin kwana 7 da 10 a gaban wakilin mai sayarwa. Wanda aka ga babu jijiyar jini a cikinsa a fasa a duba: in babu ɗa ko kuma ya mutu tun wajen ajiya, mai garke ya mayar da kuɗinsa, wanda ya soma girma a inji ya mutu daga baya, wannan kuma asarar mai inji ce.