Kiɗan da ke bin ɗan wasa: Sana'ar da matasan Zariya ba su waiwaya ba tukuna

A gidajen gem na Samaru, Zabi da Sabon Garin Zariya, hankalin matasa yana kan allo ne: ƙwallo a PlayStation, ko PUBG da Free Fire a waya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, a yawancin wasannin yaƙi da na labari, kiɗan yakan sauya daidai da abin da ɗan wasa yake yi. Haɗa irin wannan kiɗa sana'a ce mai zaman kanta.

Yadda abin yake aiki

Waƙar fim tana da farko da ƙarshe. Wasan bidiyo kuwa babu wanda ya san lokacin da ɗan wasa zai shiga faɗa ko ya tsere. Don haka ake haɗa kiɗan gutsure-gutsure, ta hanya biyu. Ko dai a jera sautuka a kan juna, a ƙara ganga idan abokin gaba ya matso, a janye ta idan ya tafi, ko kuma a tsallaka daga wani yanki na kiɗan zuwa wani a daidai gaɓar da kunne ba zai ji yankewa ba.

Dabarar ta daɗe. A Space Invaders na 1978, bugun sauti huɗu yana ƙara sauri yayin da maharan ke matsowa. A Super Mario Bros. na 1985, kiɗan Koji Kondo yana hanzarta idan lokaci ya kusa ƙarewa. A 1991 kamfanin LucasArts na Amurka ya fito da tsarin iMUSE a wasan Monkey Island 2. Yau manhajoji irin su FMOD da Wwise ne ke wannan aiki, kuma ƙananan masu ƙirƙira na iya amfani da su kyauta.

Ba baƙon abu ba ne

Duk wanda ya taɓa zuwa filin dambe ya san wannan hikima. Makaɗin kalangu idonsa na kan 'yan dambe: kowane gwani da takensa, kiɗa ya yi zafi idan an haɗu, ya sauya idan an yi kisa. Mawaƙa irin su Ɗan Anace a kan haka suka yi suna. Abin da injiniyoyin sauti ke koya wa kwamfuta, makaɗan Hausa sun daɗe suna yin sa da hannu.

Ina gizo ke saƙar?

Masu situdiyo a Arewa sun saba da sayar da waƙa kammalalliya, ba gutsuren da manhaja za ta sarrafa ba. Ga matsalar wuta da tsadar data. Sannan fitattun kamfanonin gem na Najeriya, kamar Maliyo Games, a Legas suke.

Sai dai Zariya na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana koyar da ilimin kwamfuta da kuma wasan kwaikwayo, ga makaɗan gargajiya a cikin gari. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a aiki guda, ko da a kan ƙaramin wasan dambe na waya ne.

Idan ba a yi haka ba, ranar da aka gina wasa a kan labarin Sarauniya Amina, kiɗansa daga rumbun sautin intanet za a ɗauko, kuɗin aikin kuma ya tafi wani wuri.