Shafin buki ya kai labari, amma wa zai kai goro?

Katin gayyata na takarda bai mutu ba tukuna, amma ya fara tsufa. Da farko hotonsa aka riƙa ɗauka ana turawa ta WhatsApp. Yanzu wasu ƴaƴanmu, musamman waɗanda suka yi karatu a Yamai ko a ƙasashen waje, sun ƙara gaba: sai su buɗe wa bukin shafi nasa na kansa a intanet. Kana latsa adireshin da aka turo maka sai ka ga sunan ango da amarya, da hotunansu, da ranar ɗaurin aure, da taswirar gida, da wani ɗan akwati mai tambayar ko za ka zo, kuma ku nawa ne.

Wannan akwatin shi ke nuna inda abin ya fito. A Amurka kamfanin The Knot tun 1996 yake hidimar masu shirin aure a intanet. Can kujerun buki ƙidayayyu ne: ana kama zaure, ana biyan abincin kowane baƙo da kansa, dole mai buki ya san adadin masu zuwa. Mu kuwa a ƙofar gida muke ɗaurin aure, ko a masallaci, bisa tabarmi. Mai wucewa ya tsaya ya shafa fatiha, a miƙa masa dabino, ba mai tambayarsa wa ya kira shi. Ka tura wa baffan amarya tambayar ko zai zo, kuma da mutum nawa, ka ga irin amsar da za ta dawo wa uban yarinya.

Shafin yana da amfaninsa, kuma ba kaɗan ba ne. Duk wanda ya taɓa neman gidan buki a sababbin unguwannin Yamai ko Maradi, yana bisa kabu-kabu yana ta kiran waya ana ce masa ya wuce famfo ya yi hannun dama, ya san darajar taswira. In an ɗaga lokaci, gyara ɗaya ya isa kowa. Dangin da ke Kano, Agadas, Kwatano ko Abijan suna ganin tsarin ranakun ba sai an kira su ɗaya bayan ɗaya ba. Malaman makaranta, da aiki ke watsa su daga Tawa har Difa, su ma sun san wahalar sanar da abokan aiki.

Sai dai duk wannan labari ne, kuma a wurinmu jin labari daban, a gaya maka daban. Gwaggon da ke Madarumfa tana iya jin ranar bukin daga bakin mutum goma, har ta ji sanarwar a rediyo, amma ta ƙi zuwa, ta ce ba a gaya mata ba. Kuma tana da gaskiya. Sa'ad da uwar amarya ta yafa mayafi ta shiga gida-gida, ko ta aiki ƙanwarta da goro da alewa, ai kowa ya riga ya san ranar. Abin da ta kai shi ne cewa ɗiyar nan taku ce, kuna da haƙƙi a kanta. Shi ya sa katunanmu ke cike da sunayen zuri'a, gidan wane a Damagaram, gidan wane a Tasawa, har sunan amaren ya koma can ƙasa. Matasa na yi wa wannan jeri dariya. Su jira ranar da aka manta da sunan gida guda.

Ga kuma waɗanda shafin ba zai taɓa kai wa gare su ba. Manyan da suka iya karatun boko a ƙasar nan ba su kai rabi ba, mata kuma sun fi yawa cikin waɗanda ba su iya ba. Galibi da Faransanci ake rubuta shafin. Tsohuwa mai ƙaramar salula ba ta da hanyar buɗe shi, mai babbar waya a ƙauye kuma sai hotunan su cinye masa kuɗin intanet kafin ya kai ga ranar bukin. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ya fi yi musu aiki. To waɗannan da aka bari a baya su ne za su kwana a bakin tukunya, su ne za su raka amarya ɗakinta, su ne kuma za a nemo ranar da zaman ya yi tsami.

Akwai abin da ya fi damuna a matsayin iyaye. Shafin da ba a kulle ba, duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa zai shiga. A wuri ɗaya an tara masa fuskar amarya, da taswirar gidan ubanta, da sa'ar da kowa zai tafi wurin walima, da lambar da za a tura gudummawa ta Nita ko Amana. Ɗan damfara ba ya buƙatar fiye da haka: ya kwafi hoton, ya sa tasa lambar, ya tura wa dangin nesa. Ƙawayen amarya da ke cikin hotunan, da yawansu ƴan CEG ne ko lise, kuma ba wanda ya tambayi iyayensu. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma hoton da ya shiga wayoyi ɗari ba hukumar da za ta tattaro shi. Ba ma fata, amma aure yakan mutu, shafin kuwa yana nan da hotunansa in ba a tuna an rufe shi ba.

Sau da yawa mai haɗa shafin ƙanen ango ne ko wani ɗalibi mai hannu a kwamfuta. Ina so malamai su ƙarfafa masa, don sana'a ce. Su koya masa kuma ya nemi izinin duk wanda zai sa hotonsa, ya kulle shafin da kalmar sirri, ya bar lambar kuɗi a waje, ya sa ranar da zai goge shi bayan buki.

Iyaye kuma kada su bar wa yara tsarin gayya don kawai ba su gane waya ba. Kafin adireshin ya fita, a zauna da uwa da gwaggonni a lissafa gidajen da sai ƙafa ta taka, da waɗanda uba zai kira da bakinsa. A kai goron, a yi kiran, sannan a ce wa yaron ya tura.