Kamun Ƙafa a Bayan Labule

A ƙarshen Fabrairun 2024 gwamnatin Najeriya ta ɗora wa kamfanoni harajin ɗaukar ma'aikata baƙi, dala 15,000 a shekara kan kowane darakta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin su NECA da NACCIMA suka yi ca, kafin mako biyu an dakatar da shi. Ƙaramin ma'aikaci kuwa ya shekara biyar a kan naira 30,000, sai da aka shiga yajin aiki albashinsa ya kai 70,000.

Kowa yana da haƙƙin kai kukansa, amma ya kai shi a fili. Dokar Amurka ta 1995 ta tilasta wa masu kamun ƙafa yin rajista da bayyana wanda suke wa aiki. Wajibi ne Majalisar Tarayya ta kafa irinta, domin talaka ya san wanda ke juya dokokin da suka shafi aljihunsa.