Kafin A Miƙa Wa Yaro Wuƙa

A wannan mako filin namu ya ya da zango ne a Jos, a unguwar Abatuwa, wadda ta samo sunanta daga babbar mayankar garin. Abin da ya kai mu can kuwa shi ne maganar da ta cika bakin iyaye da malamai a ko'ina cikin ƙasar nan, watau batun shigar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, cikin ajin koyarwa. Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, duk ɗalibin da zai iya aron wayar yayansa ya sami mai yi masa aikin gida, ba gajiya, ba tsawa, ba bulala. Wasu masu makarantun kuɗi kuma sun ga kasuwa ta buɗe, sai ka ga an ƙara wa uba kuɗin kwamfuta a kan kuɗin zango, shi kuwa ya biya bai san abin da ya saya ba.

Mutanen Abatuwa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan kayan aiki mai kaifi. Duk wanda ya san sha'anin fawa ya san ba a ɗaukar yaro yau a damƙa masa wuƙa gobe. Sai ya yi dakon nama, ya wanke kayan ciki, ya riƙe ƙafa ana fiɗa, har ya gane inda gaɓa take da inda ƙashi yake, sa'an nan maigidansa ya yarda ya sa masa wuƙa a hannu, kuma ko a lokacin yana tsaye a kansa. Ra'ayin wannan fili shi ne, wannan sabuwar na'ura wuƙa ce mai kaifin gaske, kuma abin da za a fara tambaya a kowace makaranta shi ne wane ne zai tsaya a kan yaron.

Don kada a ce son zuciya ne, ga gwaji biyu da aka yi a zahiri. Na farko a nan gida ne, a birnin Benin na Jihar Edo, a watannin Yuni da Yuli na 2024, da taimakon Bankin Duniya. An ɗauki ɗalibai wajen 800 'yan ajin farko na babbar sakandare, aka ware wasunsu suna tsayawa bayan tashi, sau biyu a mako har mako shida, suna koyon Ingilishi da na'urar. Biyu-biyu ake zaunar da su, malami ne ke buɗe darasi, shi ke ba su tambayar da za su fara da ita, yana kuma zagawa yana duba abin da na'urar ke faɗa musu. Da aka yi jarrabawa da takarda da alƙalami, waɗannan yara sun zarce 'yan'uwansu ƙwarai, har masu binciken suka ce ci gaban ya yi daidai da na kusan shekara biyu na karatun da aka saba. Mu dai muna ganin wannan lissafi na shekara biyu a riƙe shi da hannu biyu, domin mako shida ba shekara ba ce, yaran kuma su suka kawo kansu da sha'awarsu. Amma duk da haka amfanin a fili yake.

Na biyu a ƙasar Turkiyya ne, inda wasu malaman Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka gwada ɗalibai kusan 1,000 a darasin lissafi. Kashi ɗaya aka sakar musu na'urar yadda take, mai ba da amsa da zarar an tambaye ta. Yayin bita makinsu ya ɗaga da kashi 48 cikin ɗari. Amma da aka ɗauke na'urar aka zo jarrabawa, sai suka kasa waɗanda ba su taɓa ta ba da kashi 17 cikin ɗari. Wani kashin kuwa an ba su na'urar ne bayan an yi mata linzami da shawarar malamai, ta yadda ba ta faɗin amsa, sai dai ta yi wa ɗalibi nuni ta bar shi ya ƙarasa da kansa. Su waɗannan makinsu na bita ya fi na kowa, kuma ranar jarrabawa ba su koma baya ba. Na'ura ɗaya ce, lissafi ɗaya ne, bambancin kawai an sa hankalin malami a wuri ɗaya, an bar shi a waje a ɗayan.

Wannan ba shi ne karo na farko da aka yi tsammanin akwati zai ɗauke wa malami nauyinsa ba. Dattawan Jamhuriyar Nijar ba su manta da talabijin na makaranta da aka soma a 1964 da taimakon Faransa ba, inda akwatin ke ba da darasi, aka kuma sa masu kula da aji waɗanda horonsu bai taka kara ya karya ba. An yaba shirin a duniya, amma bai taɓa isa ga akasarin yaran ƙasar ba, daga bisani tashar ta rikiɗe ta zama gidan talabijin na ƙasa. Kwaddibuwa ta yi nata mai girma daga 1971, ta rufe shi a farkon shekarun 1980 bayan ƙorafin iyaye da malamai. A nan gida ma, a 2007 an raba wa yaran firamare ta Galadima a Abuja ƙananan kwamfutoci masu launin kore, aka yi ta ɗaukar hoto, sa'an nan maganar ta bi ruwa.

To, sai kuma batun da ba a so a taɓo shi a wurin bikin buɗe ɗakin kwamfuta, watau wuta. Abin mamaki ne a ce dutsen Filato, wanda ya ga lantarkin ruwa tun 1929 lokacin da aka kafa tashar Kurra don ma'adinan kuza, yau malami a Jos ba zai iya rantsuwa cewa za a sami wuta a lokacin darasinsa na gobe ba. Ko a gwajin Benin ma, ɗaukewar wuta da katsewar intanet a cikin damina sun sha tsai da darasi. Ƙirƙirarriyar basira irin wadda aka fi sani kuwa tana zaune ne a manyan na'urori a ƙasashen waje, kowace tambaya sai ta je can ta dawo, kuma kowace tafiya da kuɗinta.

A nan ne Jos ke da abin koya wa sauran ƙasar. A 1999 wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya zo koyarwa a Jami'ar Jos, ya tarar intanet ɗin wurin tafiyar hawainiya yake yi, in ma an same shi. Daga wannan wahala ce aka ƙago dabarar da aka sa wa suna eGranary a 2001, sunan da ma'anarsa rumbu. Ana neman izinin masu littattafai da mujallu da shafukan ilmi, a kwafe su gaba ɗaya cikin faifan ajiya guda, a ajiye shi a cikin makaranta, kowace kwamfuta ta wurin ta riƙa ɗiba ba tare da ta leƙa waje ba. Kowane manomi ya san hikimar wannan, ana tara hatsi da kaka ne don kada a dogara da kasuwa da bazara. Dabarar ta bazu zuwa makarantu da asibitoci a ƙasashe da dama. Yanzu kuma akwai ƙananan nau'o'in ƙirƙirarriyar basira da ke iya aiki cikin kwamfuta ɗaya ba tare da intanet ba. Ko da ba su kai manyan ƙarfi ba, makarantar da ke da rumbu irin wannan da farantin hasken rana a kan rufinta ta fi wadda ke da kwamfutoci arba'in a lulluɓe da zane suna jiran wuta.

Akwai kuma harshe. Ajin firamare a Abatuwa zai iya haɗa ɗan Birom da ɗan Angas da Bahaushe da ɗan Ibo a benci ɗaya, kuma idan Turanci ya cije, da Hausa malami kan warware musu. Ita na'urar da rubutun Turanci aka fi ciyar da ita, Hausarta na da gyara, harsunan Filato kuwa sai abin da ba a rasa ba. Bugu da ƙari, idan ba ta san abu ba ba ta yin shiru, sai ta shirya magana mai daɗin ji ta miƙa maka da ƙarfin hali. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ba shi da ma'aunin da zai gane an yi masa haka. Shi ya sa hukumar UNESCO ta ba da shawara a 2023 cewa kada a bar yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da ita shi kaɗai.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a rufe ƙofa ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta ɗungurungum, kuma zalunci ne a ce ɗan mahauci ko ɗan mai sayar da tumatir ya fara ɗora yatsa a kan madannai ranar da za a yanke masa hukunci. Dole yaran su taɓa na'urar, kuma tun da wuri.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Filato da Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta jihar, duk kuɗin da za a ware don wannan aiki a fara da horar da malamai da samar da wuta kafin a sayi ko da kwamfuta ɗaya, a kuma nemi Jami'ar Jos da Jami'ar Ilmi ta Tarayya da ke Pankshin su ɗauki nauyin horon. Ku kuma iyaye, ranar taron iyaye da malamai, in an kawo maganar kuɗin kwamfuta, ku nemi a nuna muku jadawalin darasin, da sunan malamin da ke riƙe da shi, da inda aka horar da shi, ku kuma tambaya ko na'urar da za a ba 'ya'yanku mai faɗin amsa ce ko mai yin nuni.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.