Filin Iyali: Kunun Yaro Ya Tsaya a Cokali

Kwanan baya muka shiga Birni ta Ƙofar Doka, mu da uwargida, domin mu gai da wani tsohon abokinmu, maɗinkin manyan riguna. Muka zauna a zaure, ita kuwa ta shige cikin gida wurin mata. Ba a jima ba sai ga mahaifiyar abokin namu ta fito da jikanta a kafaɗa, yaro ɗan wata tara. Bayan mun gaisa ta miƙo mana shi, ta ce, "Malam, ga maigidan nawa. Ku da kuka yi karatun boko ku duba mana shi. Ba ya ƙin kunu, sau biyar ya ke sha a yini, ga nonon uwa, amma jiki ya ƙi."

Muka karɓe shi, muka ji shi sakayau kamar ɗan wata biyar. Muka ce, "Iya, mu ba likitoci ba ne, aikinmu alli da allo. Amma a kawo katin awonsa mu gani, a kawo kunun kuma." Aka kawo. Layin nauyinsa ya yi ta hawa tun daga haihuwa har wata shida, daga nan ya kwanta, wata uku cur bai ɗaga ba. Kunun kuwa koko ne na gero, an tace shi tas, an sa sukari. Muka tsoma cokali muka karkata, ya zube kamar ruwan tsari.

Ba mu ga laifin kowa ba a gidan nan, gama mu ma haka muka yi wa ɗanmu na fari. Muna tsoron kunu mai kauri zai shaƙe shi, ko ya ɗaure masa ciki, sai muka yi ta ƙara ruwa. Sai da wata ma'aikaciyar asibiti ta zaunar da mu kamar 'yan aji ɗaya, ta yi mana lissafin da za mu yi muku yanzu.

Cikin yaro ɗan wata takwas ba ya ɗaukar abin da ya wuce wajen mililita 200 a zama ɗaya, watau bai cika babban kofin shayi ba. Babban mutum ya kan shanye kwanon koko, ya bi da ƙosai, da rana kuma ga tuwo. Yaro ba shi da wannan wuri. In an cika ɗan wurin nan da tsararon kunu, zai ƙoshi, ya yi gyatsa, ya yi barci, uwa ta ji daɗi, alhali garin da ya shiga cikinsa bai fi cokali ɗaya ko biyu ba. Sauran duk ruwa ne. Tacewar da a ke yi kuma ta kan tafi da wani abu mai yawa na amfanin hatsin. Ga yaro yana kwana da yunwa, cikinsa kuwa a cike.

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara cewa a ba jariri nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗa masa ba. Daga wata shida nono kaɗai ba ya isarsa, musamman wajen sinadarin ƙarfe mai gina jini, saboda haka sai a fara abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. A tsakanin nan, daga wata shida zuwa yaye, yawancin 'ya'yanmu ke tuntuɓe. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa 57 ne cikin 100. Mu malamai muna ganinsu bayan an makara. Yaro ɗan shekara takwas ya zo aji kamar ɗan biyar, ƙarfe goma ya fara gyangyaɗi, a ce malalaci ne.

Abin ba na yau ba ne. A 1933 wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, tana aiki a Akara, ƙasar Gana ta yanzu, ta rubuta bayanin wata cuta da ta ke gani a jikin yaran da a ke ciyarwa da kunun masara kaɗai: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya kakkarye, fata ta saɓule. A 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka ture daga nono domin ƙani ya zo. Duk Bahaushiyar da ta san kwanika ta gane zancen. Katin awon da Iya ta kawo mana kuma a ƙasar nan aka haife shi. Dokta David Morley, wanda ya zo asibitin mishan na Ilesha a 1956, shi ya tsara irinsa a ƙauyen Imesi-Ile, domin uwa ta ga tafiyar ɗanta da idonta ko ba ta iya karatu ba. Layi ya hau, lafiya. Layi ya kwanta wata biyu a jere, kada a jira.

To, mene ne magani? Kauri, da haɗi. Kuma duk kayan suna nan a kasuwar Birni. Akwai garin da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata, wanda a ke kira Tom Brown. Awonsa ba wuya: gwangwani shida na hatsi, ko gero ko dawa ko masara ko a gauraya su, gwangwani uku na waken soya, gwangwani ɗaya na gyaɗa. A jiƙa waken soya ya kwana, a murje ɓawon, a shanya ya bushe, sa'an nan a soya shi a kasko ba mai har ya yi ja-ja ya ba da ƙamshi, gama ɗanyensa ba ya narkewa a ciki. Hatsin da gyaɗar ma a soya su sama-sama. Gyaɗa fa sai an zauna an tsince ta ɗaya-ɗaya. Duk wadda ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko ta sāke launi, a zubar, domin tana ɗauke da dafi mai ɓata hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi. A kai inji a niƙa, a tankaɗe, a zuba a gwangwani mai murfi. Kada a yi da yawa, na mako biyu ko uku ya isa, saboda man gyaɗar ya kan sa gari ya yi ɗaci in ya daɗe. A dama da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa kamar minti goma, a sauke a ɗiga ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja. Sai a gwada: a ɗebo a cokali a karkata. In ya tsaya, ya yi. In ya zube, da saura.

Wadda ba ta da waken soya ta sa farin wake, ko dakakken ƙuli-ƙuli marar yaji. Awara ma, kafin a soya ta, in an murje ta da cokali abincin yaro ce mai kyau, ga ta kuwa a kowane lungu.

Da muka kai nan Iya ta katse mu. Ta ce, "Malam, wannan ai tuwo ne. Yaron da haƙori biyu gare shi, yaya zai haɗiye?" Tambaya ce ta gaskiya, amsarta kuma tana hannun tsofaffi irinta, ba a littafi ba. Masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin aikin tsiro. A jiƙa gero kwana ɗaya, a shimfiɗa shi a jiƙaƙƙen buhu a rufe, bayan kwana biyu ko uku ya tsira. A shanya a rana ya bushe ƙayau, a murje saiwar da tsiron a sheƙe su, a niƙa ƙwayar. In kunu mai kauri ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin nan a juya. Cikin 'yan mintoci sai ka ga kunun ya saki, ya yi laushi, ya ɗan yi zaƙi, ba tare da an ƙara ɗigon ruwa ba, domin tsiron yana narkar da abin da ke sa kunu kauri. Sai a mai da shi wuta ya sake tafasa, domin a kashe duk wata ƙazanta da ta biyo garin. Wannan kaɗai ne kunun da muka yarda ya zubo daga cokali, gama garinsa yana nan cikakke. A Tanzaniya, inda su ke kiran garin nan kimea, an koya wa iyaye mata wannan dabara tun shekarun 1980. An fi so a yi da gero ko masara, domin tsiron dawa yana da guba a saiwarsa da ganyensa.

Nawa za a ba shi? A fara da cokali biyu ko uku, sau biyu a yini. Kafin wata takwas a kai sau uku, kowane zama kusan rabin kofi. Daga wata tara sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Da kofi da cokali, ba da bulumboti ba, wanda wankinsa ke da wuya, shi ke kawo zawo. Ɗura kuwa, a danne yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu da tafin hannu, muna roƙo a bari. Kunun ya kan bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Yaro ya ƙi, a dakata, a yi masa wasa, a sake gwadawa.

Kunu ba shi ne iyaka ba. A ɗebi nasa daga tukunyar gida kafin a sa yaji da gishiri da dunƙule: kabewa, alayyahu, zogale, dankali mai jan ciki, a murje da kyau. Ɗan yankin hanta dafaffe, ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya aka daka, su ne masu gina jini. Shayi kuwa yana hana jiki shan sinadarin ƙarfe, ba na jariri ba ne. Sai ƙwai. Mun san abin da a ke faɗa, wai yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Shekara ashirin muna koyarwa, mun kama ɓarayin fensir ba iyaka, ba mu taɓa bincikawa muka tarar ƙwai ne ya sa su ba. A dafa shi ya dahu sosai, a murje a kunu.

Yanzu zancen zaƙi. Ƙasar Zazzau ƙasar rake ce, mazarƙwailar wajen Maƙarfi kuwa ba ta bukatar talla. Ba mu ce a daina nakiya da alkaki da tuwon madara ba, ranar suna da biki wa zai hana? Abin da ke damunmu shi ne zaƙin kullum: biskit, alewar leda, lemon kwalba da na roba, waɗanda a ke miƙa wa yaro domin ya yi shiru. Ku tuna da mililita 200 ɗin nan. Abin da biskit ya cika, kunu ba zai sami wuri ba. Ga ruɓewar haƙori, ga yaro ya saba har ya ƙi duk abin da ba sukari. Likitoci sun ce kada a sa wa yaro sukari sai ya wuce shekara biyu.

Zaƙin da ya dace da shi yana tsakar gida. Nunanniyar gwanda, a kankare da cokali. Ayaba, a murje da kindirmo wanda aka tafasa madararsa. Mangwaro a lokacinsa, a matse a cire zaren. Dankali gasasshe. Garin 'ya'yan kuka kaɗan cikin kindirmo da ayaba, ɗan tsaminsa ya kan buɗe wa yaro baki. In kunu ne a ke so ya yi daɗi, a jiƙa dabino ɗaya, a cire ƙwallon, a murje a ciki. A gidanmu bayan tuwon dare kwano ɗaya a ke yi na gwanda da ayaba da kindirmo, manya da yara, sai dai a ɗebe na ƙarami a murje masa. Gyaɗa guda-guda, da aya, da ɗinya, da kanya, a bar wa manyan yara, gama su kan maƙale wa ƙanana a wuya.

Abu ɗaya ne za mu faɗa da babbar murya, ko da ya ke mun san zai yi wa waɗansu nauyi. Zuma. Kowa ya san darajarta, da yawa kuma su kan lasa wa jariri tun ran da aka haife shi. Kada a ba yaro zuma sai ya cika shekara ɗaya. Wani lokaci tana ɗauke da wata ƙwayar cuta ta ƙasa wadda tafasawa ba ta kashewa. Hanjin babba ya fi ƙarfinta, na jariri bai fi ba. Yaro ya kasa bayan gida, jiki ya saki, ya kasa tsotson nono, har numfashi ya tsaya. Ba kullum ta ke faruwa ba, amma shekara ɗaya ba nisa.

In kuwa kun ga ƙafafun yaro sun kumbura, ko ya rame har fata ta yi laɓa-laɓa, ko ya ƙi ci sam, wannan ya wuce aikin kunu. A kai shi asibiti ran nan, ko Ƙofar Gayan, ko Wusasa, ko Shika.

Bayan wata biyu muka koma gidan abokin namu. Iya da kanta ta yi tsiron, ta ce na uwargida bai bushe daidai ba. Aka kawo katin. Layin ya ɗaga kai, bai kai inda ya kamata ba tukuna, amma ya bar kwanciya. Ta saɓa yaron ta ce, "Malam, maigidan nawa ya fara karya mini kafaɗa. Amma zancen ƙwan nan, ni ba da hannuna ba, sai ubansa ya ɗauki alhaki." Uban ya ajiye allura, ya laluba aljihu, ya aiki yaro kanti ya sayo guda biyu.