Jiƙuwar Bango: Abin da Masu Ƙera Na'urori Bai Kamata Su Raina Ba

Tun a shekarar 1981 ne Tuckerman da Pease na Jami'ar Stanford da ke Amurka suka nuna cewa ruwan da ke bi ta magudanai masu faɗin maikuromita 50, wato kusan kaurin gashin kai, yana iya kwashe zafin da ya kai wat 790 daga kowace murabba'in santimita ta silikon. Daga baya masana suka ga cewa in ruwan ya tafasa a ciki ribar ta fi yawa, domin mayar da ruwa tururi yana cin zafi fiye da ninki biyar na wanda ake bukata a kai shi daga digiri 0 zuwa 100.

To amma nasarar tafasar ta rataya ne a kan jiƙuwar bangon magudanar. Ana auna ta da kusurwar da ɗigon ruwa ke yi da bangon, kamar yadda Thomas Young ya bayyana a 1805. In ɗigon ya baje, kusurwar ta gaza digiri 90, bangon mai son ruwa ne. In kuwa ya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza, mai ƙin ruwa ne.

Bango mai ƙin ruwa yana ɗaukar hankalin injiniyoyi, saboda kumfa na tsirowa a kansa da wuri, zafi kuma ya riƙa fita tun da farko. Sai dai a cikin matsattsiyar magudana kumfar kan haɗe nan da nan, ta toshe hanya, ta shimfiɗa tururi a bango. Tururi kuwa ba ya isar da zafi sosai, don haka bangon ya bushe, na'urar ta ƙone. Nukiyama na Japan ya gano wannan iyaka tun 1934. Bango mai son ruwa yana jinkirin fara tafasa, amma yakan sake jiƙa duk inda ya bushe.

Saboda haka ya kamata a fifita bango mai son ruwa, a yayyafa masa 'yan ɗigogin shafe mai ƙin ruwa inda kumfa za ta tsiro. Haka kuma wajibi ne a daina dogaro da awon ranar farko, domin datti da tsatsa suna sauya jiƙuwa. Magudanar da ba a gwada ta tsawon watanni ba, bai dace a damƙa mata na'ura mai tsada ba.